Teburin Lukmanu

Lukmanu ɗan gwaggona ne, taubashina ke nan, kuma tun muna yara a Tibati na gane Allah ya yi shi da irin rabon nan mai ƙona ran na kusa da shi. In muka je mangwaro, ni Ishaku ni ne mai zaɓen reshe, in auna nisa, in yi jifa. Shi yana zaune a gindi nunannen zai faɗo masa a cinya. Dukanmu 'ya'yan mahauta ne. Ni na gaji bakin ciniki da lissafi, shi ya gaji hannu. Ubansa ya koya masa fiɗa irin ta da: wuƙa ta buɗe hanya kawai, dunƙulen hannu ya ƙarasa, fata ta fito ba huji ko ɗaya. Abu guda ke tayar masa da hankali a duniya, ya ga dabba a hannun wanda bai iya ba. Ban da wannan, ko gobara ake yi sai ya gama ɗaure zariyarsa.

Kifi ne ya kore mu daga gida. Da aka tare ruwa a Mbakau, kifi ya cika Tibati, ɗanye da banda da soyayye, har talaka ya fara yatsina wa nama fuska. Mu yanka sa guda da safe, la'asar ta yi cinya biyu na rataye ƙudaje na biki. A lokacin kuwa ba a zancen ko'ina sai Garwa. Garin shugaban ƙasa ne, ana ta gine-gine, ga filin jirgi, ga masaƙa, ga ma'aikata masu cin nama kullum kamar kuraye. Sai dai duk direban da ya yabi garin zai ƙara da cewa, "Amma fa a Garwa har inuwar bishiya sai ka biya haya."

Ni ba na tafiya da ka. Na bi direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, da fataken shanu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar unguwanni, har na san garin kafin in gan shi. Filato ta manyan ma'aikata ce, ko leƙe ba namu ba. Yelwa da sauƙin haya, amma ba wanda zai tsaya maka. Fulɓere ta Fulani masu gari ce, mahauci a can kiransa ake yi, ba ya kwana. Tamu ita ce Hausare, inda jikokin fataken Kano da Katsina suke, kuma a can ne gidan Baba Muntaka, mahaucin da layin tebura tara na kasuwar nama ke hannunsa. In bai san ka ba, ko wutsiya ba ka sayarwa a layin nan.

Sannan akwai ƙa'idar da kowane direba ya nanata mini. Baƙo mai sana'a, zauren da ya fara sauke kayansa ya sha ruwa, nan ne gidansa, mai zauren ne ubangidansa. Ba a sakewa, sai da abin kunya. Don haka dole mu kai ƙishirwarmu har zauren Baba Muntaka. Na faɗa wa Lukmanu a Tibati, na maimaita a Ngaundere, na sake faɗa muna gangaren dutse. Ya ce ya ji. Hankalinsa yana kan amaryarsa Safiyatu da ya baro a gida.

Muka sauka tasha da rana tsaka cikin bazara, lokacin da ƙadangaren Garwa ma ba ya taka ƙasa da ƙafa huɗu. Na ce mu yanke ta Fulɓere, ya fi kusa. Muna cikin tafiya muka tarar da taron suna a ƙofar wani babban gida. An yanka rago tun safe, yana kwance ciki ya fara kumbura, domin mahaucin da aka aika wa ya ce sai kasuwa ta tashi. Wani saurayi ya durƙusa a kansa da wuƙar yankan kuɓewa yana ta fama.

Lukmanu ya tsaya cak.

"Taubashi, kau da kai," na ce. "Ba ragon ubanka ba ne."

"Dubi yadda yake kai wa fatar nan sara, kamar mai faskare."

"Ya faskara. Wuce mu tafi."

Ina rufe baki ya riga ya sauke ƙunshinsa. A ina? A cikin zauren mutane. Ya zaro wuƙa, ya naɗe hannun riga, ya ce wa saurayin, "Matsa, ɗan'uwa." Ni na tsallaka hanya na tsaya da kayana a ka, harshe kamar tsohon takalmi. Kafin inuwar katanga ta motsa ya feɗe ragon, ya ware kowace gaɓa wurinta, ya shanya fata. Sai ga wata tsohuwa doguwa ta fito da ƙwaryar ruwan randa, an jefa gumba a ciki. Hajjo ke nan, uwar mai gidan, Alhaji Abakar dillalin shanu.

"Kada ka sha!" na ɗaga murya daga tsallake.

Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya goge baki ya ce, "Me ka ce, taubashi?"

Tsohuwar ta faɗi wata magana da Fulatanci, jama'a suka yi dariya. Daga baya na sami fassarar: an gaji da aika wa bangaro, yau bangaro ya kawo kansa. Bangaro shi ne mahauci a bakinsu.

Na isa Hausare ni kaɗai. Baba Muntaka ya dube ni, ya dubi bayana.

"Ku biyu aka ce mini."

"Ɗayan yana tafe, Baba."

"Ina kayansa?"

Na ce suna zauren wani gida a Fulɓere.

"To, ya sami gida. Allah ya ba da zaman lafiya. Kai, ajiye naka can, a ba ka ruwa."

Ranar na ji tausayin Lukmanu. Ita ce kuma ranar ƙarshe da na ji.

Ni da na bi ƙa'ida, ga abin da na samu. Ɗaki guda mu biyar, kowa da kason hayarsa, wanda ya juya cikin barci sai ya nemi gafara. Tun asuba muna mayanka, wadda a nan ake ce wa abatuwa, ina wankin tumbi da hanji, ina ɗaukar cinyar sa a ka har kasuwa, jini na bin ƙeyata. Wuƙa kuwa sai dai in wasa wa wani.

Shi da ya taka ƙa'ida, aka share masa ɗakin da ke jikin zaure, ba haya. Kullum safe ƙwaryar kindirmo. Labari ya zaga Fulɓere cewa gidan Alhaji Abakar akwai bangaro mai zuwa da sassafe, ba sai kasuwa ta tashi ba, kuma ba ya huda fata. Suna, ɗaurin aure, saukar karatu, dawowar alhazai, duk shi ake kira. Al'adarsu kuwa, mai fiɗa ana ba shi wuya, sau da yawa a haɗa masa da fata. Fatar da ba ta da huji majema rububinta suke yi, da ita ake buzun salla na dattawa. Wuya kuma ya shiga tukunya.

Ranar Juma'a nakan bi ta can in gaishe shi, zumunci ai wajibi ne. Idona kuwa yana kan katangar da yake shanya. Wannan mako fata bakwai. Na gaba goma sha biyu. Bayan Babbar Salla na ƙirga har na rasa inda na tsaya, na koma gida ban ci tuwo ba. Kafin in mallaki tabarmar kaina ya aika an kawo Safiyatu. Kafin a bar ni in yanka wa mai saye ko da ƙashin miya ne, ya sayi keke mai ƙararrawa biyu. Biyu! Me mutum zai yi da ƙararrawa biyu? Ya koyi Fulatanci har yana zolayar tsofaffi. Rigarsa fara fat, ni kuwa karnukan Hausare sun san ƙamshina.

Abin da nake lallashin zuciyata da shi bai taka kara ya karya ba. A gidan nan akushinsa daban ne, ba mai sa hannu tare da mahauci. Ba kuma mai kiran sunansa, daga babba har yaro sai "bangaro". Na taɓa tsokanarsa da haka.

"Taubashi, shekara biyu ba su koyi sunanka ba?"

"Sun fi ka, bawana. Su suna ba ni nono, kai sai ƙirgar fatuna."

Ashe yana gani.

Wani abu kuma na lura da shi. In ba shi da kira, yakan jingine keke wajen masu itace, bakin kasuwar nama, ya tsaya. Ba ya shigowa layi, don ba shi da hurumi. Abin da ke kawo shi Malum ne, makaɗin kalangun mahauta, wanda ke bin tebura da hantsi yana wasa kowane mai tebur da kirarinsa, masu nama na ihu suna kaɗa wuƙaƙe. Wanda ba shi da tebur, Malum ba ya ko kallonsa. Wata rana na fito zubar da ruwan wanki na same shi yana rausaya kai.

"Ku kuna cikin daɗi," ya ce.

Na dubi hannuwana da kashin shanu, na zaci ba'a yake yi. Da na dubi fuskarsa na ga ba wasa.

"Mahaucin da ba a taɓa kaɗa wa kalangu ba, ai mai fiɗa ne kawai. Babana har ya mutu in ya ji kiɗansa sai ya miƙe."

Na koma bakin wankin tumbina. Amma ranar na ci tuwo na ƙoshi.

To, a layin Baba Muntaka akwai tebur na farko, na bakin ƙofar gabas. Tun zuwana idona ke kansa. Na zauna na lura: cikin mutum goma da suka shigo, shida a nan suke tsayawa, ba su ƙarasa ciki. A nan kuma Malum ke fara kiɗa. Wani dattijo ke riƙe da shi, kuma a shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a arewa, ƙafa ta hana shi fitowa, ya sallama. A cikin yaran gida ba wanda ya kai ni daɗewa, ba wanda ya kai ni iya kasa nama. Na riga na sayi sabon dutsen washi na ɓoye. Da teburin nan zan kama ɗakina ni kaɗai, in aika gida a nema mini aure.

Sai Baba Muntaka ya kira ni zaure.

"Ishaku, mahauta sun dame ni da ƙarar ɗan'uwanka. Sun ce ya cinye Fulɓere shi kaɗai. Ni kuwa na ce, wanda ya fi ƙarfin kora, jawo shi ake yi. In ya tsaya a teburin bakin ƙofa, duk gidajen da yake wa fiɗa nan za su riƙa aiko yara. Je ka ce masa na ba shi. Sharaɗi ɗaya: ya kwaso kayansa ya sauke a zauren nan, ya sha ruwana a gaban jama'a."

"Baba, na bakin ƙofa?"

"Kunnenka ƙalau. Kai ne jininsa, kai za ka je."

Mangwaron ya sake faɗowa a cinyarsa, kuma wannan karon ni aka ba in miƙa masa.

Na daɗe rabona da gidan, saboda aiki ya yi yawa. Da na isa sai na ga zauren wayam, ba fatake, ba masu jiran Alhaji. Ashe fari ya cinye garken Alhaji Abakar, ya kora ragowar ya yi kudu da su, shiru ba labari. Matansa sun tafi ganin gida ba su dawo ba. Saura tsohuwa Hajjo da jikoki huɗu. Na tarar da su zagaye da tukunyar Safiyatu, romon wuya na tafasa. Tsohuwar da ba a haɗa akushinta da na mahauci, ga ta zaune tana jiran a zuba mata.

Na isar da saƙo yadda aka ba ni. Idon Lukmanu ya kawo haske kamar na yaro ranar Salla.

"Na bakin ƙofa? Inda Malum ke farawa?"

"Shi. Sai dai ka sani ƙafarsa ɗaya ta gaza, sai an sa dutse. Da azahar kuma rana a fuskarka take."

"Ko ƙafa biyu gare shi, taubashi!"

Safiyatu ta dubi mijinta, ta dubi yaran, ta ci gaba da juya miya. Hajjo tana jin Hausa fiye da yadda take nunawa. Ta gyara zama ta ce, "Tafi, bangaro. Ruwa ne kawai na ba ka, ka daɗe da fitsarar da shi."

Lukmanu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya raka ni ƙofa ya ce in gaya wa Baba yana tafe ranar Lahadi. Na koma na ciro dutsen washin da na ɓoye, na rasa wanda zan sayar wa.

Lahadi da hantsi mahauta suka cika zauren Baba Muntaka, an ajiye ƙwaryar ruwa a tsakiya. Sai ga ƙararrawa biyu. Na leƙa bayan keken: ba tabarma, ba akwati, sai kuben wuƙaƙe. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ina kaya, Lukmanu?"

"Baba, kaya sun yi nauyi. Da ƙunshi ɗaya na shiga gidan nan. Yau in zan fito, sai na ɗauko tsohuwa da jikoki huɗu, ita kuwa ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya mutu a ciki. Lokacin da suke da nono na sha. In na fita yanzu da ba su da shi, kai ma ba za ka amince mini da tebur ba."

Baba ya tura masa ƙwarya da ƙafa. "Sha dai, rana ta yi."

"Na gode, Baba. Na sha a gida."

Sai Lukmanu ya ƙara sunkuyawa.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. A ara mini teburin na yau kaɗai."

Wani ya tuntsire da dariya. Baba Muntaka ya shafa gemu ya ce, "Na ji aron wuƙa, na ji aron riga, yau ga aron tebur. Ishaku, ɗauko masa cinya da haƙarƙari, ka tsaya kusa da shi."

Na tsaya, kuma ban taɓa ganin ciniki mai ciwo irin na ranar ba. Mutumin nan bai iya sayarwa ba sam. Kashin da zan raba uku, shi ɗaya yake yi. Mace ta ce "ƙara mini", ya ƙara. Ta sake cewa, ya sake. Ina ta taka masa ƙafa yana janyewa. 'Yan Fulɓere suka ji labari suka yi ta ɓullowa, "Bangaro amin! Bangaro amin!", wato mahaucinmu. Sai ga Malum ya matse kalangu a hammata, ya tsaya a gabansa, ya dube shi sama da ƙasa, ya saki kiɗa:

"Lukmanu na Hajjo, wuƙarka ba ta cin fata!
Baƙon da ya sha ruwa bai manta randa ba!
Ga teburin Lukmanu, masu nama ku matso!"

Taubashina ya ɗaga wuƙaƙe biyu sama, yana rawa yana hawaye, layi duka na ihu. Kafin azahar nama ya ƙare, riba ko ta goro babu. Ya wanke teburin da kansa, ya kankare shi tas, ya gyara dutsen ƙafar. Sannan ya je gaban Baba.

"Ga amanarka, Baba. In ana neman mai riƙewa, taubashina ya san yawan ƙudajen da ke sauka a kansa."

Aka yi dariya. Baba ya ce, "Dama shi ne na biyu a lissafina."

Na biyu. Haka na sami teburin da na yi wa wankin hanji shekara huɗu, sai da wani ya ɗanɗana ya ajiye.

Yau shekarata bakwai a kansa. Na kama ɗakina, na yi aure, na canza ƙafar da ta gaza. Lukmanu yana nan Fulɓere. Alhaji Abakar ya dawo da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba, ya tarar da uwarsa da ƙiba, ya yanka wa Lukmanu fili a bayan gida ya yi ɗakuna. Har yanzu bangaro suke ce masa. A kasuwa kuwa, inda ya tsaya yini ɗaya tak, sunansa ne ya zauna. Na sa mai fenti ya rubuta ISHAKU da manyan baƙaƙe a gaban teburin, har da jan layi a ƙasa. Malum in ya zo yakan wasa ni daidai gwargwado, amma da ya juya sai in ji kalangun na faɗin wancan kiɗan.

Jiya wata yarinya ta zo da kwano.

"An ce in sayo tsoka a teburin Lukmanu."

"Sunana Ishaku. Ga shi a rubuce."

"To, Baba Ishaku, nan ne teburin Lukmanu?"

"Nan ne. Kawo kwanon."

Ina cikin yanka mata na ji ƙararrawa biyu a bakin ƙofa. Ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba, fatu ɗaure a bayan keke zai kai wa majema. Tara ne. Wataƙila goma, ta ƙasan ta naɗe.